Ranar da Na Bar Surukata a Gonar Gyaɗa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka aurar da ƙanwar matata ba. Ko na so in manta, mutanen Kona ba za su bari ba. Yaran da suke goye a lokacin ma yanzu sun iya ba da labarin, har da ƙarin gishiri. Shi ya sa na ce bari in faɗa da bakina, in ma ƙarya za ta shiga ciki, ta zama tawa.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Jalingo ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Yola, kowa da fayil a hammata yana neman ɗaki. Ni kuwa ina Nukkai a ɗaki biyu na haya, ni da matata Saratu da yara huɗu. Aikina kula da sito ne a wani kamfanin gyaran hanya. A aji biyar na firamare karatuna ya tsaya, amma ko buhun siminti ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba (wannan babu mai ba da labarinsa, sai ɗayan).

Surukina Baba Audu tsohon soja ne, a Kona yake zaune. Shekara goma sha biyar ina auren 'yarsa, bai taɓa kiran sunana ba. "Ɗan haya" yake ce mini. Ina durƙushe ina gaishe shi zai ɗaga kai ya ce, "Saratu, ɗan hayan naki ya ci abinci?" Mutum ɗaya ce ke tare mini faɗa a gidan nan, Mama, matarsa. Ita ce ke cewa, "Bar shi, Baba. Yaron yana da hankali. Gida na Allah ne." Ku riƙe wannan, don ku san wadda na yi wa abin da na yi.

Da kamfanin ya gama aiki zai tashi, Baturen injiniyan da nake yi wa hidima ya bar mini karaban ɗinsa. Ga wanda bai sani ba, karaban ɗaki ne mai taya biyu, ana maƙala shi a bayan mota a ja shi duk inda aiki ya kai mutum. Nasa fari ne, da gado, da kujeru masu katifa, da tagogi masu labule, har da ɗan wurin wanke hannu. Ranar da ya miƙa mini makulli na shiga na rufe ƙofa na zauna a bakin gadon. Karo na farko a rayuwata ina cikin ɗakin da babu mai zuwa ya buga mini ƙofa ƙarshen wata.

Ana nan sai ga bikin Rifkatu, ƙanwar Saratu. Mijin babban ma'aikaci ne, gwamnati ta ba shi gida, Baba Audu kuwa tun kafin a ɗaura aure yake kiransa "ɗana". An yi taron dangi, Baba yana ta damuwa da inda za a sauke kawun ango, wani dattijo mai faɗa a ji da zai zo daga Wukari ya kwana biyu. Ɗakunan Kona duk sun cika da baƙi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, bar mini wannan. Ni zan kawo gida."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ba ka da gida?"

"Zan kawo shi har ƙofarka, Baba. Da gado da labule."

Aka yi dariya. Mama ce kaɗai ta ce, "In ya ce zai kawo, zai kawo." Saratu ta tsunkule ni a cinya, ban kula ba.

Saura abu ɗaya: gidan yana yadin kamfani, kuma ba ya tafiya da ƙafarsa. Dama ina da niyyar sayen mota da ɗan abin sallamar da aka ba ni. Sai na tafi Barade wajen Bappa, wani bakanike Bafulatani da ke gyara a gindin dogon yaro, wanda injiniyoyin kamfani da kansu suke zuwa tambaya. Na kai shi ya ga karaban. Ya zagaya shi, ya leƙa ƙarƙashi, ya gwada ɗaga hancin da hannu biyu, ya kasa.

"Sito," (haka suke kirana, da sunan aikina) "wannan abu yana da nauyi, walahi. Mota da zai ja shi, ba a duba fenti. Ana duba shasi, ƙashin bayan mota ke nan, ana duba birki, ana duba ƙaramin giya na hawa tudu. Kuma dole mai ja ya fi abin da yake ja zama a ƙasa. In ka ɗaure sa a wuyan akuya, wa ke jan wani?"

Ya kai ni bayan garejinsa ya nuna mini wata tsohuwar jif ta masu safiyo. Launinta babu wanda zai iya faɗa. Ƙofar hagu da igiya aka ɗaure ta. Da ya buɗe, kaza ta tashi daga kan kujerar direba ta bar ƙwai uku.

"Wannan ne motarka," in ji Bappa. "Yana da ƙugiya tun daga masana'anta, a jikin shasi. Ko dutsen Kona ka ɗaura masa zai ja."

Na ce, "Bappa, in shiga gaban Baba Audu a cikin akurki?"

"To ɗauki hayar tarakta na kwana ɗaya."

"Tarakta? Ni taki ne?"

A bakin titi kuwa, gaban garejin, wani dillali ya ajiye wata ƙaramar mota 'yar Beljiyam ja, tana sheƙi kamar an lashe ta. Da rediyo mai kaset. Kujerunta masu gashi-gashi. Na tambayi dillalin ƙarfinta, ya ce injinta yana da ƙarfin doki kusan ɗari. Na yi lissafi irin na ɗan aji biyar: karaban ɗin nan ko doki biyu ƙosassu za su ja shi, to ina ga ɗari? Na ma ji tausayin Bappa da bai san boko ba.

Na saya. Na ce ya sa mini ƙugiya a baya. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, ya tashi yana kaɗe hannu.

"Babu inda zan kama. Duk gwangwani ne. Ba da hannuna ba, Sito. In ka nace, a ƙara sarƙa."

Na yi fushi na tafi wajen wani mai walda da ke yin ƙofofi da tagogi. Shi bai yi mini wa'azi ba. Cikin rabin awa ya liƙa mini ƙugiya a jikin bamba, ƙarfen nan na ado da ke bayan mota, ya shafa baƙin fenti. Na tambaye shi sarƙar da Bappa ya ce a ƙara ko da ƙugiya za ta saki, ya ce, "Oga, waldata ba ta son kishiya." Na je yadin kamfani na gwada. Fili ne a miƙe kamar tabarma, karaban babu kowa a ciki. Ja (sunan da na sa wa motar ke nan) ta ja shi sumul. Na zagaya sau uku ina yi wa maigadi hon.

Ranar biki aka ɗaura aure a coci a cikin gari da safe, walima kuma a Kona da rana. Na wanke mota, na wanke gida, na ajiye su a ƙofar coci inda kowa zai gani. Mutane suna fitowa suna leƙa taga suna riƙe baki. Ni kuwa ina jingine a jikin mota da babbar riga, ina kaɗa makulli. Amarya da ango da Baba Audu da Saratu suka wuce gaba a motocin abokan ango.

To ga inda Bappa ma bai hango ba. Lokacin wahalar mai ce, bas ɗin da aka yi haya don matan zumuntar coci tana can a layin gidan mai tun jiya. Mata sun fi ashirin a tsaye cikin anko, da tulunan kiɗansu, da kulolin shinkafa, da robobin kunu. Kuma kun san mu. A garin nan mota ba ta tafiya biki da wuri a cikinta. Wanda ya wuce mutane da kujera babu kowa, har ya mutu ana faɗa. Shugabar zumunta ta dubi karaban, ta dube ni.

"Baban yara, ai Allah ya kawo ka."

Na buɗe baki in ce ba a shiga ciki in ana tafiya, haka Bature ya gaya mini. Sai ga Mama ta taho tana dogara sanda, ƙafarta na ciwo.

"Ɗana, ni ma zan shiga gidan naka. In gaya wa Baba ni na fara kwana a gadon."

Ku gaya mini, wa zai ce a'a?

Suka shiga. Na ƙirga har goma sha tara na daina. Aka tura kuloli, aka tura robobi, aka tura buhun shinkafa guda da ba a dafa ba, wata ta shigar da akuyar gudummawa. Ita ma Ja ba a bar ta ba: aka naɗe katifar amarya aka cusa a kujerar baya har ta toshe gilashin baya gaba ɗaya. Madubin gefe ɗaya ne da ita dama, shi ma 'yan mata sun lulluɓe shi da furen takarda. A kujerar gaba aka ɗora kek ɗin biki mai hawa uku, aka ce in riƙe shi da hannu ɗaya, in ya faɗi amarya ba za ta yafe mini ba.

Na lura bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama kamar mai shaƙar ƙamshi. Na ce a raina, doki ɗari ne.

Muka tashi. A cikin gari lafiya lau, sai dai masu keke suna wuce mu. Mata suna kiɗa suna waƙa a baya, ina jin su, kaina yana ƙara girma. Muka bar kwalta muka kama hanyar Kona. Kafin a shiga gari akwai wani tudu, ba wani babba ba ne, kullum ina hawa da keke ban taɓa raina kaina ba. Ja ta kama shi a giya biyu, ta ƙi. Na sa ɗaya. Ta fara kuka kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Wani wari ya cika motar, irin na roba in ta ƙone. Ina taka totur har ƙasa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kek, ina cewa, "Haba 'yar albarka, kar ki ba ni kunya."

Muna dab da kai sama sai na ji ƙaram! Motar ta yi tsalle gaba. Na cafe kek. Na ɗauka dutse na taka.

Daga nan kuwa Ja ta zama wata mota dabam. Ta miƙe, ta daina kuka, ta karɓi giya biyu, ta karɓi uku. Wallahi har da dariya na yi ni kaɗai. Na ce, "Ashe dama dawakan barci suke yi! Ina Bappa ya zo ya gani?"

A daidai lokacin na ji muryoyin matan sun tashi sama gaba ɗaya, siririya, doguwa, ayyiriri. Na ce guɗa suke yi mini don na cinye tudu. Na danna musu hon sau uku, pim pim piiim, na ƙara murɗa kaset. Mutanen da ke gefen hanya suna ta ɗaga hannu, suna tsalle, suna nuna bayana. Wani tsoho har ya jefar da fartanya ya ɗora hannu a ka. Na ce ba su taɓa ganin gida yana tafiya ba, ƙauyawa. Na saki sitiyari na ɗaga musu hannu kamar gwamna.

Haka na shiga Kona.

An kafa rumfa a ƙarƙashin mangwarori, mutane cike, mai lasifika yana hango ni ya fara: "Jama'a, ga babban suruki nan! Ga mai gida a kan taya!" Na yi kwana mai faɗi sosai, don in ba wa karaban wurin juyawa (wannan kwanar ita ce ta fi ci mini rai har yau, yadda na yi ta a hankali, da kulawa). Na tsaya daidai gaban kujerar Baba Audu, kusa da shi kawun ango da hularsa da sandarsa. Na fito, na gyara riga, na durƙusa.

"Baba, ga alkawari. Na kawo gida."

Mai lasifika ya sauke lasifikarsa. Baba bai dube ni ba, bayana yake kallo.

"Ina?"

"Ga shi nan, Baba."

"Ina?"

Na juya.

Babu. Hanya ce kawai, da wani kare yana tsallakawa. Na miƙe na zagaya bayan motar, kamar abu mai girman ɗaki zai ɓuya a bayan taya. Ba karaban, ba ƙugiya, ba bamba. Ramuka biyu ne a jikin gwangwani, da wayar fitila tana reto. Na leƙa har ƙarƙashin motar. Eh, na leƙa. Mutum ɗari uku suna kallo.

Saratu ta taho da cokalin miya a hannu. "Baban yara, ina Mama?"

Na ce, "Tana ciki."

"Cikin me?"

Sai yanzu guɗar nan ta dawo mini a kunne, na ji ta yadda take. Saratu ta saki cokali ta kurma ihu, bikin gaba ɗaya ya tashi. Maza, mata, masu kiɗa, amarya ta tattare farar rigarta, ango da kwat, kowa ya nufi tudu a guje. Baba Audu da ake cewa gwiwarsa ta mutu tun yaƙi, shi ne a gaba. Na shiga mota in bi su, ta ƙi tashi, tana ta tururi. Na bi su da ƙafa, babbar riga tana harɗe ni. Duk tsawon hanyar addu'a ɗaya nake yi: Allah, ka kashe ni ni kaɗai, kar ka taɓa tsohuwar nan.

Daga saman tudu muka hango shi. Ya gangara da baya, ya bar hanya, ya faɗa gonar gyaɗa, kunyoyin gonar ne suka yi ta rage masa gudu har ya tsaya. Gindinsa a ƙasa, hancinsa a sama, bambar Ja tana lilo a jiki. Mata a baje a kan kunyoyi, wata tana kuka, wata tana dariya, wata tana neman takalmi. Akuya tana cin gyaɗar mutane. Kunu ya wanke labulen Bature. Aka ƙirga kai, aka ƙirga ƙafa, Allah ya tsare, babu karaya ko ɗaya. Tulun kiɗa biyu ne suka fashe.

Mama tana zaune a bakin ƙofar karaban, ɗankwali ya tafi, shinkafa a gashinta, miya tun daga kafaɗa har zani. Na zube a gabanta. Ta dube ni. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ɗana," ta ce a hankali, "faɗuwan bai dame ni ba. Mutum yana faɗuwa. Amma muna ihu muna kiran Yesu, kai kana mana hon."

Wani ya fashe da dariya a baya, sai gona gaba ɗaya ta ɗauka. Baba Audu bai yi dariya ba. Ya duba matarsa, ya tabbatar lafiyarta, sannan ya sa aka kwance bambar daga hancin karaban, ya nuna mini ita da sanda.

"Ɗauki motarka."

Babu direban da ya yarda ya sa motarsa ta ja abin. Matan zumunta ne suka kwance zannuwan sama, suka ƙulla su igiya biyu, maza suka tura daga baya. Aka mayar da Mama kan gado saboda ƙafarta. Haka gidana ya hau tudun Kona, da ƙarfin matan da na zubar, suna ja suna rera wata sabuwar waƙa da suka ƙirƙira nan take, amshinta "pim pim, Baban yara, pim pim". Ni kuma ina gaba da bamba a ka, kamar mai tallan rake. Mai hoton biki bai bar ko taku ɗaya ba.

Kawun ango ya leƙa ciki, ya ga kunu, ya ji labari, ya ce shi dai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ba zai kwana a gidan da ke gudu da baya ba. Washegari Mama ta aiko a karɓi makulli. Ta ce ɗakin da ta kusa mutuwa a ciki nata ne, kuma dama tana neman inda ɓera ba ya shiga. Yana nan a bayan gidansu an ɗora shi a kan duwatsu, cike da dawa. Tana gaishe ni har yanzu, tana zuba mini abinci. Amma in Baba ya fara, ba ta ƙara cewa "yaron yana da hankali" ba. Sai dai ta ce, "Bar shi, Baba," ta tsaya nan.

Da na kai wa Bappa motar gyara, bai ce ai na gaya maka ba. Shayi ya zuba mini, ya ce in ba shi labarin tun daga farko, a hankali, kar in tsallake wurin hon.

Darasi kuwa, kowa yana zaton zan ce a saurari bakanike, a duba shasi, a sa sarƙa. To a duba, gaskiya ne. Amma nawa darasin ba shi ba ne. Shekarata arba'in da 'yan kai a duniya lokacin, ba a taɓa yi mini guɗa ba, ko ranar aurena ruwa aka yi kowa ya gudu. Da na san matsayina, ina jin mata goma sha tara sun ɗaga murya a bayana, da na san ba murna ba ce, da na taka birki.